Tattasai a Gadon Inna

Duk wanda ya taɓa kai injin ban-ruwa gyara a bayan tashar Diffa ya san Tsoho mai walda, ya kuma san zafin zuciyarsa. Ba wani tsoho ba ne, shekarunsa arba'in da ɗoriya, sunan kakansa ya ci shi ya sa ake kiransa haka. Gidansu na ƴan kasuwa ne da suka taso daga Damagaram, kowa da shagonsa, shi kaɗai ya bi ƙarfe da wuta. Har gobe in wansa Alhaji Sanusi zai gabatar da shi sai ya ce, "Ƙanena ne, yana ɗan taɓa ƙere-ƙere," kamar mai ba da haƙuri.

Mahaifiyarsu, Inna Baturiya, ɗiyar makiyaya ce da aka auro daga arewa da Fulatari. Can ƙanwarta Saudat take zaune, cikin rairayin da sai katkat, motar nan mai ja da taya huɗu, ke iya shiga. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da ganin juna. Ciwon ƙafa ya zaunar da Saudat, ita kuwa Inna ƙirji ne, ƙura kaɗan sai numfashinta ya sarƙe. Tafiyar ta kwana biyu ce, likita kuma ya ce in aka kwantar da ita a ƙasa cikin daji, kada a dawo masa da ita. Da labari ya zo cewa jikin Saudat ya fara nauyi, Tsoho ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, zan ƙera miki ɗaki mai taya."

Wata biyar ya yi a kan remok ɗin nan, irin ɗakin da mota ke ja. Ƙarfen tayoyin daga wata matacciyar katkat ya ciro shi, don faɗin ya zo daidai da na motar Sanusi da za ta ja. A cewarsa, tayar da ba ta taka sawun ta gabanta ba, rairayi ne zai haɗiye ta. Ya ɗaga cikin sama saboda tudu. Bangon kwano biyu ya yi, ya cusa soso a tsakani don zafi. Ya sa tankin ruwa, da matakala ƙasa-ƙasa saboda gwiwar Inna, har da maƙalin buta. Ƙofar ce ta fi cin ransa. Sau huɗu yana sake robar bakinta. Sai ya shiga ya rufe kansa, matarsa Sumaiya ta tsaya waje tana sheƙa toka da faifai, shi kuma yana shafa katifa da farin ƙyalle. Sai ranar da ƙyallen ya fito fes sannan ya ce aiki ya yi.

Saura kwana uku a tashi aka kira shi garin Maine gyaran famfo. Yana juya baya Sanusi ya zo ya ɗaura remok a motarsa, wai zai gwada ta zuwa Shetimari. To lokacin tattasai ne, duk bakin kogin Komadugu ya yi jajir da shanya. Su kuwa ƴan gidan nan akwai abin da idonsu ba ya iya gani: abin hawa ya dawo gari ba kaya. Ciwo ne a jininsu. Alhaji guda, mai shago uku, ya leƙa ɗakin uwarsa bai ga gado ba, wuri ya gani. Buhu tara na busasshen tattasai ya sa aka danna a kan katifa, aka rufe ƙofa, ya biyo gargada cikin tsakar rana. Robar da ta hana ƙura shiga ita ta hana yajin fita.

Da Tsoho ya dawo ya buɗe, atishawa ce ta fara mayar da shi baya. Kafin ya ankara Inna ta zo ganin ɗakinta, ta sa kai ciki. Tarin da ta yi sai da ta zauna a ƙasa. Ya bar ta hannun Sumaiya, ya tafi shagon Sanusi da ƙafa, idonsa na zubar da ruwa.

"Yaya, me ka zuba a ciki?"

"Haba Tsoho, a wofi za ta dawo? Abinci ne fa, ba najasa ba. A share, a sa turare."

"Gadon uwarka ne, Yaya! Matar da hayaƙin murhu ke kayarwa!"

"Kai dai ka cika zafi," in ji Sanusi, ya ci gaba da auna wa wata mata sukari.

Turaren lafiya? Yajin ya shige katifa, ya shige labule, ya bi ta mahaɗar kwano ya zauna cikin soso. Tsoho ya wanke sau uku, da rana ta buga sai ɗakin ya sake tashi. Dole ya farke aikinsa da hannunsa, ya mayar da shi ƙashi zalla, ya aika Damagaram a kawo sabon soso. Ba ya cin abincin kirki, ba mai iya yi masa magana. A kwana na goma sha shida yana ɗaure bangon ƙarshe waya ta shigo daga Fulatari. Saudat ta rasu da hantsi.

Sun tafi duk da haka, sai dai gaisuwar mutuwa suka je. Abin da ke ƙona ran Tsoho har yau shi ne remok ɗin ba ta ba shi kunya ko sau ɗaya ba. Ta bi sawun mota tiryan-tiryan, Inna ta kwana biyu a ciki ko tari ba ta yi ba. A can ta zauna kan tabarmar ƙanwarta, ta riƙe ƙwaryar da marigayiyar take shan fura da ita, ta ce, "Ɗakin ya yi kyau, Tsoho. Da ta gani da ta yi dariya."

Da suka dawo Sanusi ya ce kwanan Saudat ne ya ƙare. Tsoho ya ce, "Na sani, Yaya. Ranar mutuwarta ba a hannunka take ba. Ranar tashinmu ce ka ɓata." Amma ko sati biyu ba a rufa ba Sanusi ya aiko direbansa da saƙo, wai tunda abin na ajiye kuma tattasai bai ƙare ba, ko za a ara masa.

Kasuwa Tsoho ya shiga da igiyar awo, ya auna cikin buhun tattasai, ya dawo ya kunna injin walda. Ya rage faɗin ƙofar da taƙi guda, ya liƙe ƙarfen ciki da waje yadda ba mai cire shi. Yanzu buhu ba ya shiga, amma siririyar tsohuwa za ta wuce ba tare da ta karkace ba.

Remok ɗin na nan a inuwar garejinsa, duk Juma'a sai ya goge ta ya duba iskar tayoyi. Inna ba ta sake cewa a kai ta ko'ina ba.