Gwaggo ta ƙwace ni daga hannun ɗan sandan fim

Jama'a, yau an kama ni da jabun kuɗi a Dutse, Gwaggona ce ta ƙwace ni.

A ɗan fim ɗin da muke haɗawa, ni ne ogan masu buga jabu. Kyamarar haya ce, da magariba za a mayar. Muna bakin titi, abokina Sabi'u ya sha kakin ɗan sanda, ya danna min ankwa. Sai ga adaidaita ta tsaya. Gwaggo Hansai, yayar Babanmu, ta diro ta cakumi wuyan rigarsa.

"Sake shi! Yaron nan a gabana ya sauke Alƙur'ani."

Darakta ya rugo. "Hajiya, ki yi haƙuri, fim ne."

Na ɗauka za ta huce, sai ta juyo kaina.

"Duk garin nan an rasa wanda za a mayar ɓarawo sai jikan Malam? Ko a ba ka kakin, ko in kira ubanka."

Ta ja kujerar darakta ta zauna. Har aka kira magariba ba mu ɗauki komai ba.

Wallahi sai na gama fim ɗin nan, kuma a ɓarawon. Gobe Miga za mu, can ba ni da dangi.