Ƙaramar Butar Baba Sumana

Ina kan layin duwan, wato kwastan, a bakin iyakar Malanbil, kamyona, babbar motar kaya, cike da shinkafa, ina jiran a ba mu hanya mu haye gada, sai Ɗanjuma ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ɗanjuma shofer ne, direba kamar ni, mutumin da bakinsa ba ya hutawa da tsiya, amma ranar ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce Baba Sumana mai shayin tashar Gaya ya rasu da asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin mu samu mu ƙetaro Gaya an riga an kai shi makwancinsa.

Baba Sumana mutumin Bengu ne, cikin gonar rake ya tashi, bai kuma taɓa mantawa da hakan ba. A teburinsa akwai sukari kamar na kowa, amma gefensa kullum za ka ga curin mazarƙwaila, kwalbar zuma, dabino, da garin ɗorawa da yake barbaɗa wa masu kunu. Idan muka tsokane shi da ƙauyanci sai ya ce tun kafin a ɗinka buhun sukari mutane suke shan daɗi. Shi ke tashin shofer ɗin da barci ya ɗauke a kan benci idan an kira salla, shi ke riƙe wa baƙo jakarsa, kuma ban taɓa jin ya kai maganar wani gaban wani ba.

Wannan hali nasa na ƙarshe ni na fi kowa cin moriyarsa, shi ya sa nake rubutun nan kaina a sunkuye.

Shekarun baya na fara ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa bayan mota. Lokotoro a Doso ya ce ciwon sukari ne. Ban gaya wa kowa ba. Na ji tsoron idan maganar ta kai kunnen Alhaji, mai motar da nake ja, zai karɓe makulli ya ce ba zai bai wa mara lafiya hanyar Kwatano ba. A tasha kuwa ƙin karɓar shayi kamar shela ce. Sai na riƙa karɓa, in kai baki kamar ina sha, in faki ido in tuttular ƙarƙashin benci. Ban lura cewa kiyashi sun mai da wurin zamana kasuwarsu ba. Baba Sumana, da yake shi ke sharar wurin, ya lura.

Bai tambaye ni komai ba. Wata safiya sai ga shi da wata ƙaramar buta a gefen murhu. Ya faɗa a gaban kowa cewa tsufa ya zo, haƙoransa sun daina ɗaukar sukari, daga yau nasa daban zai riƙa dafawa. Sannan ya dube ni.

“Hamidu, kai ka fi su kunya. Kai za ka taya ni sha, don shayi ba ya shiga mutum shi kaɗai.”

Citta ce a ciki, da kanumfari da na'ana'a, babu ko ƙwayar sukari. Yakan miƙo mini da dabino guda, ya ce in gutsura kaɗan kaɗan tsakanin kurɓa. Da na yamutsa fuska ya ce harshe kamar yaro yake, abin da aka saba masa shi yake nema. Ranar da na miƙa hannu wajen kwalbar zuma, janye ta ya yi a hankali, ya ce zuma ma zaƙi ce, ba a yi mata gaggawa. Wani lokaci kuma yana kallon garwashi ya ce buta ba likita ba ce, wanda ke da inda yake zuwa a duba shi kada ya fasa.

Su Ɗanjuma suka raɗa wa butar suna shayin marowata, suna cewa tsoho ya samu wanda ya rena. Shi dariya kawai yake yi. Ni ma nakan taya su dariyar don kada a gane, kuma ko sau ɗaya ban iya buɗe baki na ce masa na gode ba.

Ranar addu'ar uku muka taru a ƙofar gidansa, har da Alhaji. Abdu, babban ɗan Baba Sumana, yana haɗa shayi sai wani ya ambaci haƙoran marigayi. Abdu ya yi murmushi ya ce ai Baba har makon jiya da haƙoransa yake ɓare rake, kuma a gida kununsa sai ya ji mazarƙwaila yake sha. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk shekarun nan mai son zaƙi ne yake shan ɗaci a gabana don kada in sha ni kaɗai.

Abdu ya miƙo mini kofi, kumfa har baki. A kan tabarma muke, babu benci. Na mayar masa.

“Ka yi haƙuri, ba na shan sukari. Ciwonsa gare ni, na daɗe da shi. Saboda ni Baba ya sayi butar nan.”

Alhaji ya dube ni ya ce in same shi bayan addu'ar bakwai, har yanzu ban san abin da zai yanke ba. Ɗanjuma kuwa ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya ajiye shi bai sha ba, ya tambayi Abdu a hankali ko ƙaramar butar tana nan.

Allah Ya ji ƙan Baba Sumana, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya bai wa matarsa Inna Hadiza da Abdu da ƙannensa haƙurin rashinsa, Ya tsare musu mutuncin da ya bar musu. Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri a tasha bai nemi ko godiyata ba, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Amin.