Faifai na Uku ya Koma Ƙofar 'Yandaka

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maƙwabcina a motarsa, muka ɗauki hanyar Katsina. Masu tambaya ina na shiga, ga bayani, kuma zan bi shi daki-daki yadda ya faru.

Da farko dalilin tafiyar. Ina da yaya a gidanmu na gado a Ƙofar 'Yandaka. Tun da idonsa ya tafi bara ya daina fitowa zaure. Yana ci yana sha, amma ya ce tunda ba abin da zai gani a waje, ɗaki ya ishe shi. Matarsa Hajiya ce ta tuna da tsohon garmahonsa da faifai biyar na wasu mawaƙan Ingila, waɗanda ya saya yana saurayi lokacin da yake aikin masaƙa a Kaduna. Ta aiko mini da su in kai gyara, ko Allah zai sa ya ɗan sake.

Ni ba mutumin kiɗa ba ne. Aikin sito na yi har na yi ritaya. Da aka sa wa garmahon sabuwar allura a Sabon Gari, sai na gwada faya-fayan bi da bi. Huɗu lafiya lau. Na ukun ne matsala. Murya ta fara a lasifikar dama, ta tsallaka hagu, ta dawo. Can sai kiɗan ya riƙa tafiya da baya kamar ana zuƙe shi, ƙararrawa ta kaɗa, zakara ya yi cara. Mai gyara ya ce inji ba shi da laifi. Na tabbata zafin ajiya ne ya lalata faifan, na cire shi na ɓoye a jakata don kada ran Yaya ya ɓaci.

Hanya ta yi kyau da damina. Daga Dawanau har Bichi gero da dawa sun yi kore shar. A Tsanyawa muka karya da koko da ƙosai. Kuɗin bai tashi sosai ba, ƙosan ne ya rame. Garmaho yana kan cinyata a naɗe cikin bargo, duk ramin da muka tunkara sai na ce wa maƙwabcina ya rage, har ya ce ko mai naƙuda bai taɓa ɗauka da irin wannan lallami ba.

Bayan Gidan Mutum Ɗaya wani jami'i ya tsayar da mu a shinge ya ce a buɗe bargo. Ya zaro faifai ɗaya ya juya shi, ya leƙa ta hudar tsakiya, ya tambaya ko murfin tukunya ne. Na yi masa bayani a tsanake, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Muka wuce Kankiya da Caranci, muka shiga gari ta Ƙofar Ƙaura da hantsi, cikin cunkoson keke mai ƙafa uku. Da na hango hasumiyar Gobarau sai na ji na zo gida.

Mun iske Yaya a bakin gado. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, Hajiya ta kawo fura da nono mai sanyi. Sannan na jera kaya a kan teburin ɗakin, lasifika biyu kafaɗa da kafaɗa, na miƙa masa kwalayen faya-fayan. Ya shafa su a hankali. Kowanne ya gane shi ta yagewar gefensa. Da ya kai ƙarshe sai ya sake ƙirgawa.

“Ina na ukun?”

Na ce, “Yaya, sai haƙuri, ya lalace.” Na faɗa masa yadda yake komawa da baya, da batun zakaran.

Ya yi dariya har sai da Hajiya ta ba shi ruwa. Ya ce, “Kai dai har ka tsufa ba ka canza ba. Ai haka suka yi shi, da gangan.”

Daga nan ya kama tarihin mawaƙan, amma ta ƙarshe ya fara, sai da na roƙe shi ya koma farko. Ga yadda na tsara abin da ya ce. Samari ne da suka haɗu a makaranta. Faifansu biyu na farko waƙoƙin rawa ne da na soyayya, kuma sun samu kasuwa. Sai suka gaji da yawon wasa gari-gari, suka tara suma, suka sa riguna masu furanni kamar atamfa, suka kulle kansu a ɗakin ɗaukar murya. Suna yanka tef da almakashi suna liƙa shi a juye, suka kawo wani molo na Indiya mai tsirkiya da yawa. Wannan shi ne na uku. Mutane suka ƙi saye, rigima ta shiga tsakaninsu, mai jan waƙar ya fita. Na huɗun babu shi aka yi, na biyar kuwa ragowar da aka tattara ne bayan sun watse. Maƙwabcina ya duba a waya ya ce yanzu na ukun ne ake nema, har an sake buga shi. Yaya ya ce shi tun a Kaduna ya san haka.

Na fito da faifan zan ɗora, sai ya laluba teburin ya ji yadda na ajiye lasifikun.

“Wa ya haɗa su wuri guda? Wanga faifai ba a jin shi a ƙunci. Ɗaya can, ɗaya can, mutum ya zamna tsakiya.”

Ɗakin kuwa gado ya cinye shi. Sai ya ce a kai su zaure. Bai jira kowa ba ya miƙe yana neman takalminsa. Hajiya ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Allah ya sa akwai wuta. Muka shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar zaure, na ɗora allura. Kafin murya ta tsallaka, yatsansa ya riga ta nuna inda za ta. Ya ce yanzu ƙararrawa za ta zo ta hagu, ta zo. Dattawan unguwa suka fara leƙowa. Wani ya ce wannan ai kiɗan aljanu ne, amma shi ya fara neman a ba shi tsakiya. Yaya ya sa doka: duk wanda zai zauna sai ya rufe ido. Na zauna ni ma. Gaskiya ɗaya ce, na ji abin yana zagaya kaina, kuma ban ƙi shi ba.

Da aka kira la'asar ya ce a ɗage allura, a kama hannunsa. Tare muka je masallaci, ana ta yi masa barka da fitowa.

Washegari bayan tuwon dawa miyar kuka muka juyo, muka iso Kano kafin magariba.

Abin da na koya shi ne wannan. Shekara guda muna roƙon Yaya ya fito ya sha iska, duk cikin tausayi, bai fito ba. Ya fito ne ranar da aka samu abin da ya fi mu sani, muka tsaya ya koya mana.

Yau da safe Hajiya ta kira ni da ƙorafi. Wai tuwo ya huce jiya, aike uku ta yi zaure, Yaya ya ce a jira a juya faifai.