Shaidar da Yaya Shu'aibu Ya Tafi da Ita

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina tsaye ina zuba wa awaki dusa waya ta yi ƙara. Yaya Rabi ce daga Gwarzo. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Lawan, yayanka ya tafi."

Mijinta take nufi, Yaya Shu'aibu Kutama. Ku da kuka kalli kaset-kaset ɗinmu na da, da Tangaɗi kuka san shi, mashayin nan da yake shigowa da hula a karkace kuna dariya har da riƙe ciki.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi rabon da in ji ƙirjina sakayau kamar yau na manta. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, sai na faɗi dalili.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. A kulob ɗin wasan kwaikwayo na san shi, lokacin tsuke bakin aljihu, ina sabon malamin firamare a Kabo, shi kuma tela a bakin kasuwar Gwarzo. Zamanin da sabulu da madara sai an bi layi, albashi kuma sai ya ga dama. Man mota ya gagare mu, sai mu ɗaure kayan wasa a bayan keke mu nufi Kara ko Durun ranar kasuwa, mu yi wasa a kan amai da gudawa, ko rigakafi, ko illar shaye-shaye.

Ni ne darakta. Darakta mai baƙar zuciya kuwa, duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya muku.

Shi ne yake ɗinka mana kayan wasa da ƙyallayen da suka rage masa. Ranar da wandona ya yage a kan keke muna dab da shiga Durun, a gindin kuka ya zaunar da ni, ya lulluɓa min rigarsa, ya ɗinke shi tsaf yana min tsiya: "Darakta guda ba wando, ai yau wasan ya ƙare tun ba a fara ba."

Abin da yawancinku ba ku sani ba, mutumin nan ko warin giya bai sani ba. Ruwan bunu ne a kwalbar, baƙin shayi kawai, Yaya Rabi take dafa masa. Layin da yake yi kuwa, hajijiya ce. Kafin ya fito sai ya laɓe bayan zanin da muke karewa da shi, ya yi ta juyi kamar yara a dandali har sai ƙasa ta fara juya masa, sannan mu tura shi fili. Shi ya sa ba wanda ya taɓa iya kwaikwayonsa. Jirin na gaske ne.

Kuma shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Da asuba ya kira salla, da yamma ya zama Tangaɗi, ba wanda ya ga aibu a lokacin.

Muka shiga zamanin kaset, sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Mu ma mun yi murna, mun je taro mun yi kabbara kamar kowa. Sai dai ido ya dawo kan ƴan wasa, kowa yana jiran ya ga inda za mu kuskure.

A daidai wannan lokacin hannunsa na dama ya fara rawa.

Zare ya fara gagararsa shiga allura. Sannan tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa, in zai juya sai ya yi taga-taga. Murya ta shige ciki, magana tana harɗewa. Fuskar nan da ke motsi kamar me ta daskare.

Da wani ne, da an ce ba shi da lafiya. Amma shi shekara da shekaru garin yana kallonsa yana layi da kwalba. Sai aka ce ai wasa ya zama gaske.

Wasu samarin kwamitin unguwa suka tare shi a tsakiyar kasuwa suka ce ya hura musu bakinsa. Dattijo da furfurarsa! Ya hura. Ba su ji komai ba, suka ce to ƙwaya ce. Bayan sati guda limamin unguwarsu, Malam Hamisu, ya aika masa cewa ya huta da kiran salla, an samu wani. Daga sahun farko ya koma na ƙarshe, can jikin bango inda zai dafa.

To ga nawa laifin, don ba zan zo nan ina nuna mutane da yatsa in tsallake kaina ba.

Muna ɗaukar wani fim a Durun, na ba shi matsayin uba mai mutunci, zai karɓi kofin ruwa daga hannun ɗiyarsa ya yi mata nasiha. Kofi ya kama rawa, ruwa na zuba a rigarsa. Muka sake. Muka kuma sakewa. Batirin kyamara na ƙarewa, rana na faɗuwa, raina ya gama ɓaci. Na daka masa tsawa na ce, "Yaya, ba Tangaɗi ake yi ba yau!"

Ya ce, a hankali, "Ba ni nake yi ba, Lawan."

Ni kuma da bakin nan nawa, a gaban yara da manya, na ce, "Ko dai abin da ake faɗa gaskiya ne?"

Ya ajiye kofin a ƙasa da hannu biyu, ya tura kekensa, don hawa ya riga ya gagare shi, ya bi hanya.

Ni da na san ruwan bunu ne. Ni da nake ƙirga masa juyi a bayan zani. Shekara uku ban taka gidansa ba.

Yaya Rabi ce ta zo har Kabo ta same ni a makaranta. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa. Ashe sun gama zagayen masu rubutu da masu hayaƙi, ƙarshe wani likita a Kano ya ce ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, Parkinson, wanda muke ce wa ciwon karkarwa. Ba ya warkewa, sai dai magani ya lallaɓa shi.

Ta ce, "Kai ka iya Turanci. Karanta min da ƙarfi, in ji ko an rubuta giya a ciki."

Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Gida-gida matar nan take bi da takardar, a wajen suna da biki, tana nuna wa matan da ba su iya karanta ta ba. Shi kuwa ya ce ba zai bi kowa da takarda ba. In ba su yarda da shi ba, ba za su yarda da likitan da ba su taɓa gani ba.

Washegari na je na durƙusa masa. Ya bar ni na gama surutuna, sannan ya ce, "Tashi, kana tare min iska. Akwai aiki ko babu?"

Shi ke nan fa. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Muka koma aiki, amma da sabon tsari. Mun lura in ya sha magani, bayan kamar rabin awa jikin yakan saki, ya samu awa biyu masu kyau. Sai duk ɗaukar fim ta koma bin agogon maganinsa. Yaya Rabi ta aiko cewa ya sha, mu kuma mu kafa kyamara muna jira. In yana ji a jikinsa sai ya ɗaga gira ya ce, "Darakta, an kawo wuta, yi sauri kafin a ɗauke."

A zaune yake yawancin fitowarsa ta wannan zamanin. Kaka, mai unguwa, tsohon alƙali. Hannun dama a ƙarƙashin babbar riga, ko riƙe da carbi yadda rawar za ta ɓace a cikin ja. Ni dai a ganina a nan ya yi wasansa mafi kyau. Fuskar ta ƙi motsi, sai ya koma yi da ido.

Kwalba dai bai ƙara riƙewa ba. Wani furodusa daga birni ya taɓa zuwa ya ce ai yanzu ne ma Tangaɗi zai yi kyau, ba sai an wahala ba. Ni na raka shi har bakin motarsa, kuma abin da na gaya masa ba zai rubutu a nan ba.

Da tafiya ta ƙi, muka koma rediyo. Da murya ta ƙi, muka riƙa kai masa labari gida, yana gyara mana da kai, e ko a'a.

Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan fama. A hankali mutane suka gane ciwo ne, don ba giyar da ke kwantar da mutum haka. Amma ganewa a zuci daban, faɗa daban. A bainar jama'a aka ɓata shi, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a bainar jama'a ya ce mun yi kuskure. Har kwanan baya na ji wani matashi a tasha yana cewa ai shaye-shayen da ne ya taɓa masa jijiya.

Ganina da shi na ƙarshe sati biyu ke nan. Sai da na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Ba mutuwar nake tsoro ba. Na gaji. Shaida nake tsoro. In an ajiye ni a gaban sahu, me za su ce?"

Na ce alheri za su ce, Yaya.

Ya ce, "Kai dai ka faɗa. Ko kai kaɗai ne."

Da wannan nauyin na hau mota yau. Tun daga Kabo har Gwarzo ina haɗa maganar da zan yi, ina rushewa. Ina tunanin anya ma za a cika sahu uku? In na tashi zan yi magana wani ya ce ɗan wasa zai yi mana wa'azi fa? Na riga na ƙudurta ko za a yi rigima sai na faɗa.

Da na shiga gidan, Yaya Rabi tana zaune cikin mata, idonta a bushe. Ta ce, "Lawan, ka shiga ka ga hannunsa. Ya tsaya."

Na shiga. Ya tsaya kuwa, a miƙe a gefensa, shiru. Na daɗe ina kallonsa. Alhamdu lillahi, ya huta.

Bayan azahar aka fito da shi. Sahu ya cika ƙofar gida ya malala har kan titi. Mutanen Kutama sun zo, na Kara sun zo, har tsofaffin da suka kalle mu muna wasa a kasuwa.

Kun san yadda ake yi, kafin a tayar da salla wani yakan nema wa mamaci yafiya a wurin jama'a. Na gyara murya ke nan zan matsa gaba, sai na ga Malam Hamisu ya ɗaga sandarsa. Ya tsufa ƙwarai, shekaru ke nan da ya bar wa ɗansa limanci. Ban ma san zai iya fitowa ba.

Ya ce, "Jama'a, an saba a ce ku yafe wa mamaci. Yau ban san me za mu yafe wa Shu'aibu ba. Mu ne masu nema."

Ya sauke sandar ya dogara da ita.

Ya ce, "Ni na hana shi kiran salla. Ban gan shi da kwalba ba sai a wasa. Ban ji wari ba. Ji na yi an ce, na yi hukunci. Da na gane, kunya ta hana ni zuwa, ina cewa gobe, har ga shi a kwance. Ku shaida, zalunci na yi. Mutumin nan bai taɓa sha ba. To ku me kuka sani game da shi?"

Wani daga baya ya ce, "Alheri!"

Sai ta ko'ina. Alheri, alheri, wallahi alheri. Na hango ɗaya daga cikin samarin nan na kasuwa, yanzu shi ma da furfurarsa, ya rufe fuska da hula yana kuka.

Duk jawabin da na haɗo a mota bai yi amfani ba, kuma ban taɓa jin daɗin a ƙwace min magana kamar yau ba.

Abu ɗaya ne yake ci na: bai ji da kunnensa ba. Sati biyu kacal. Malam Hamisu ya makara, ni ma shekara uku na makara, ba ni da bakin zarginsa.

Amma na yi alkawari, don haka ga tawa a rubuce. Ni Lawan, na zauna da Shu'aibu Kutama shekara kusan arba'in. Ban san shi da komai ba sai salla, da allura da zare, da sa bayin Allah dariya a lokacin da tukunya ba ta hawa wuta kullum. Wanda duk ya taɓa jin waccan magana, ko ya taɓa maimaita ta, to ya ji wannan ma, ya kai ta inda ya kai waccan.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da shaidar mutanen garinsa. Ka karɓa. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka saka wa Yaya Rabi da Aljanna, ka yafe mana mu da muka yi masa zato.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ya sa ku dariya kyauta. Yau ku ba shi Ƙulhuwallahu ƙafa uku.