Takardar da Yatsa Goma Ba Ta Nuna Ba

Yatsa Goma ake kiranta a kwalejin koyon kasuwanci, domin ita kaɗai ce a ofishin jarrabawa ke buga rubutu da yatsunta duka, ba ta ko kallon hannu. Shekara goma sha huɗu ta yi a kujera ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Mijinta ya rasu da wuri, da waɗannan yatsun ta raini 'yarta tilo.

Duk shekara ita ke buga wa malamin shari'a darasinsa, har ta haddace shi. In aminiyarta, mai shagon kwafin takardu na bakin ƙofa, ta ɗauki biro a teburinta, sai ta ɗaga gira.

"Ƙawata, laifi ƙafa biyu gare shi, aiki da niyya. Aiki dai na gani."

"Niyyata in dawo da shi."

"Haka kika ce bara."

Akwai wani layi a darasin da take so: wanda ya shiga kwamfutar wani ba izini, ya shiga ɗakin da ba nasa ba, ko da bai taɓa komai ba. Amma ita in za ta fita ba ta kulle tata. Leƙa shago take yi ta ce, "Zo ki riƙe min kujera."

Wata Talata da hantsi ta tafi asibiti gwajin jini, mai kwafi ta zauna mata. A fuskar kwamfutar ga tambayoyin jarrabawar shari'a, wadda ƙanwar mai kwafi ta faɗi sau biyu, in ta sake faɗuwa kora ce. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta danna, injin buga takarda ya fito da shafi biyu.

Ƙanwar ba ta riƙe bakinta ba, rabin ajin ya gani. Da aka bincika, kwamfuta ta nuna an buga shafukan ƙarfe sha ɗaya da minti goma, da sunan Yatsa Goma. Kwamiti ya tambaye ta ko wani ya zauna a wurinta.

"Kujerata ce, ni ke da alhakinta," ta ce. Aka sallame ta.

Mai kwafi ta yi ta jiran a kira ta, ba a kira ba. Takan kai wa Yatsa Goma ziyara da ledar lemo, ta tarar da ita a ƙofar gida da ɗan tebur, tana buga wa maƙwabta wasiƙu. Sau ɗaya kawai Yatsa Goma ta gifta zancen.

"Ya ƙanwarmu, ta ci?"

"Ta ci."

"To, madalla. Miƙo min lemon nan."

Ciwon da ya kai ta asibiti ranar shi ya ɗauke ta bayan shekara biyu. Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa sauya wa mai kwafi fuska ba.

Da aka watse daga zaman makoki, 'yar ta roƙi mai kwafi ta taya ta tsara takardu. A ƙasan akwati suka ga takardar gwajin jinin, da hatimin asibiti, da ranar, da lokacin: sha ɗaya da minti biyar.

'Yar ta dubi mai kwafi ta ce, "Inna, ashe ba ta ma ofis. Me ya hana ta nuna musu? Shekara biyu ina sunkuyar da kai in an ambaci sunanta."

Mai kwafi ta san abin da ya hana. Da ta nuna, tambaya ta gaba ita ce wa ya zauna.

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta san kwaleji za ta karɓe shi, ta san takardar shaidar ƙanwarta ma za ta iya tafiya. Ta wuce tagar nan, wata ce a kujerar tana buga rubutu da yatsa biyu. Ta shiga wurin magatakarda, ta ajiye takardar a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni na zauna a kujerar. Aikin nawa ne, niyyar ma tawa ce. A gyara mata sunanta, 'yarta tana waje tana jira."