Raƙuma Dubu da Bakwai

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya cinye raƙuman gidanmu har saura tara. Tuwon jar dawar taimako muke ci, wadda ake bin layi a karɓo. Babana da ƙanensa, Baba Ilyas, suka fara zancen raba abin da ya rage, ɗaya ya nufi Arlit neman aiki, ɗaya ya gangara Damagaram. Kakata, Inna Tima, ba ta son a watse, amma ba ta taɓa ce musu uffan ba. Sai dai bayan magariba, in an hura wutar shayi a tsakar gida, ta tara mu jikoki, ta ɗaga murya yadda 'ya'yanta za su ji daga tabarmarsu.

Gatana ɗaya ce, kullum ita. Wani madugu ya rasu a hanyar dawowa daga Fachi, ya bar raƙuma dubu da bakwai. 'Ya'yansa suka raba biyu, ɗaya ya yi saura. Suka raba uku, biyu suka yi saura. Aka kira malamai, aka kira alƙali, duk yadda aka kasa sai wani raƙumi ya tsaya a tsakiya yana kallonsu. Da suka gaji, suka ɗaure su a igiya guda, suka ci gaba da ayari tare.

"Dubu da bakwai ba ta rabuwa," in ji Inna. "Haka Allah ya yi ta."

Lokacin ina ajin farko na kolej, an koya mana nombres premiers, lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. Ni ba mai magana ba ce, amma ba na iya barin lissafi a rataye. Kwana uku ina gwada raba dubu da bakwai a bayan kayena, littafin rubutuna na makaranta: bakwai, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai. A sha tara ta rabu tsaf, hamsin da uku-uku. Na sake sau biyu. Haushi ya ishe ni, don na so a ce Inna ce da gaskiya.

Na yi ta haɗiye maganar, rana ta huɗu ta kuɓuce mini, a gaban kowa na ce tana rabuwa gida sha tara. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"To, Malama, wace mace ce ta haifi sha tara?"

Baba Ilyas ya yi dariya har shayinsa ya zube, ya ce wa babana ashe dukiyar madugu ma tana rabuwa. Inna ta ce barci take ji. Ba ta ƙara yin wannan gatana ba, kuma kafin damina aka raba raƙuman, kowa ya kama hanyarsa.

Na san fari ne ya watsa gidanmu, ba kayena ba. Na kuma gane, da na girma, cewa ba raƙuma tsohuwar take ƙirgawa ba. Duk da haka na koma na gwada dubu da tara, na bi ta da kowace lamba, ta ƙi rabuwa. Har yau haushin Inna nake ji, da na kaina. Da a ce raƙuma biyu kawai ta ƙara a gatanar, da na yi shiru.