Tagar Firmin

Firmin Cazalet gangunan ruwan inabi yake haɗawa a ƙauyenmu, ni kuma aski nake yi, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ashirin ina jin bugun gudumarsa, ban taɓa jin ya ɗaga wa matarsa Léonie murya ba. Ƙato ne, amma ko kyanwa ba ya iya kora daga kan kujerarsa.

A shekarar 1955 'yan fim suka zo daga Paris suna neman taga mai kallon dandali, suka zaɓi tasa. Murna kamar an yi masa haihuwa. Kwana biyu yana shafa wa ƙyauren koren fenti, alhali fim ɗin baƙi da fari ne. Bai ko tambayi abin da za a yi a tagar ba. Ranar ɗaukar fim ɗin, aiki ya kai shi wani gari, ya ce wa Léonie ta buɗe musu.

Bayan shekara mai majigi ya kawo fim ɗin. Ranar Lahadi da aka taso daga coci muka toshe tagogin ɗakin taro da barguna. Firmin ya sa kwat ɗin aurensa, ya zauna a sahun gaba da matarsa, ni ina bayansa.

Labarin wani mai sayar da huluna ne da matarsa ke son wani soja, an shirya shi don ban dariya. Can sai mijin ya ƙwanƙwasa ƙofa, soja ya diro ta taga da wando a hannu. Tagar Firmin ce, ga tukunyar furen Léonie, ga labulen da ta saƙa da hannunta.

Ɗaki ya kaure da dariya. Ni kuma, don shegantaka, na ɗaga yatsu biyu a bayan kansa. Hasken majigi ya kwashe inuwar ya manna a allo: kan Firmin da ƙaho biyu. Kowa ya san wannan alama, mijin da matarsa ke bin maza ake yi wa. Har yau ina tsine wa yatsun nan.

Honoré mai kai wasiƙa ya ƙwala ihu: "Firmin, ashe tarihinka aka ɗauka!"

Firmin ya sunkuci benci ya maka masa, muƙamuƙi ya goce. Ya juyo kaina, naushi ɗaya na tofar da haƙori uku. Ya hankaɗe majigi, ya yi jifa da ƙarti biyu da suka riƙe shi. Mata na kururuwa, Fada, limamin cocinmu, na roƙon a tuna da Allah, ba mai jin sa.

Léonie ta riƙe hannunsa. "Firmin, fim ne fa! Don Allah ka bari!"

"Wa ya buɗe masa tagar?"

"Kai ka ce in buɗe!"

Ya kwaɗa mata mari da bayan hannu. Ta faɗi a kan kujeru, jini na fita daga kunnenta na hagu. Kunnen nan bai sake ji ba. Washegari ta hau motar safe zuwa gidan yayarta a Nîmes, ba ta sake tako ƙauyen ba.

Firmin ya toshe tagar da bulo. Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, kuma duk Asabar yana zuwa aski wurina, don babu wani mai aski a garin. Ina ɗora aska a maƙogwaronsa, ba mai ce wa wani uffan.

A shekararsa ta ƙarshe, fuska cike da kumfa, ya ce, "Maƙwabci, ka taɓa ganin ta kalli wani?"

Na ce, "Ko sau ɗaya."

Ya lumshe ido. "Na sani. Tun kafin in ɗaga hannu na sani."

Na ajiye askar, ban iya ƙarasa askin ba. Haka ya tafi gida da rabin gemu.